Itatuwan Mama Alice a Cikin Duro

Filin da Mama Alice ke zaune a kai, a bayan unguwar Magajin Gari, taku saba'in da huɗu ne a tsaye, hamsin da ɗaya a kwance. Da ƙafata na auna shi, sau biyu, don ni malamin gona ne. A wannan ɗan wuri akwai gida tara, mutum sittin da uku da awaki huɗu. Duk daga ƙauye ɗaya suka taso, can gefen dajin Kamuku, shekarar da 'yan bindiga suka hana noma. Alhaji Abarshi, mai sayar da hatsi a kasuwa, shi ya ba su aron filin.

Ranar da na fara zuwa na ce mata, "Mama, ai kun matsu a nan."

Ta yi dariya. "Matsi? Ɗana, ba ka ga Monako ba."

Ashe ta gani da idonta. Tun tana budurwa ta bar ƙauye ta tafi Kaduna aikin girki a gidan wani Bature na masaƙa. Da masaƙar ta rufe, uwar Baturen, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ta ce ita tuwon hannun Alice ya riga ya kama ta, sai dai su tafi Monako tare. Shekara bakwai ta yi a can tana tura ta a keke. Da tsohuwar ta rasu ta tattaro kayanta ta dawo gona.

Labarin ƙasar ba ya ƙarewa a bakinta. Ta ce ƙasa ce sukutum a kan dutse a bakin teku, Faransa ta kewaye ta gefe uku, kuma kafin doya ta nuna a tukunya ka ratsa ta da ƙafa. Sarkinsu Yarima ake ce masa, gida ɗaya ke riƙe da sarautar sama da shekara ɗari bakwai, tun ranar da kakansu ya shigo ganuwa sanye da rigar masu ibada, takobi a ɓoye. Akwai majalisa ta mutum ashirin da huɗu da ake zaɓe, da ita ake yin doka. Baƙi sun ninka 'yan ƙasa wajen sau uku. Akwai ƙaton gidan caca da masu kuɗin duniya ke zuwa, amma ɗan ƙasa an hana shi yin caca a ciki. Duk watan Janairu sai su ƙona jirgin ruwa a gaban coci don tunawa da wata waliyyiyarsu, ita kuwa har yau ba ta daina jin takaicin katakon ba.

Na duba a waya. Hekta ɗari biyu da 'yan kai ce ƙasar gaba ɗaya, mutum kusan dubu arba'in. Cikin abu goma sha ɗaya da ta faɗa, goma daidai suke. Doyar ce kawai ban iya tabbatarwa ba.

"Fili ya ƙare musu, sai suka hau sama," in ji ta. "Da sama ta ƙare suka cike teku da duwatsu. Ba wanda ya zauna yana kuka."

Ita ma ba ta zauna ba. Ta tara matan gidajen tara, suka yi ta ɗebo ƙasa da taki a buhu. Na ƙirga buhu ɗari biyu da shida na tumatir, kuɓewa da alayyahu, wasu a kan katanga, wasu a kan rumfa. Kabewa ta haye jinka. Sannan ga rabin duro goma sha bakwai, kowanne da itace a ciki: lemo, gwaiba, zogale.

Itatuwan nan su suka jawo magana. A wajenmu wanda aka ba aron fili zai shuka dawa, zai shuka wake, amma ba ya dasa itace. Itace shaida ce ta mallaka. Alhaji Abarshi kuwa ya taɓa ƙonewa: mahaifinsa ya ba wani aron gona, mutumin ya dasa mangwaro, bayan shekara talatin 'ya'yansa suka tsaya a gaban alƙali suka nuna mangwaron, gonar ta tafi. Da aka kai masa labari cewa kan lemo ya leƙo ta saman katanga, sai ya aika wa mai unguwa, Malam Idrisu, cewa bayan kaka kowa ya nemi wuri. Mutum sittin da uku, ga hanyar ƙauye ba ta biyuwa.

Ran wata Asabar da hantsi Alhaji da Malam Idrisu suka zo. Ina nan.

"Alice, na ba ki wurin kwana, kin mayar min da shi gandu," in ji Alhaji.

"Alhaji, sannu da zuwa tukuna. Ko kujerar ma ta aro ce ba za ka zauna ba?"

Malam Idrisu ya danne dariya. "Zauna, Alhaji. Ke kuma ki yi bayani. Kin san al'ada ko ba ki sani ba?"

"Ranka ya daɗe, a cikinta aka haife ni. Shi ya sa ban dasa ko ɗaya a ƙasarsa ba. A Monako itatuwa a kan bene na gan su, cikin tukwane, saiwarsu ba ta san ƙasa ba. Waɗannan ma baƙi ne kamar mu. Ranar da muka tashi, tare za mu tashi."

"Da baki kowa ya iya," in ji Alhaji. "A ɗaga in gani."

Ni da Benjamin, maƙwabcinta, muka kama. Na ɗaya ya tashi, ƙarƙashinsa sai kiyashi. Na biyu ya tashi. Muka yi ta bi, gumi na zuba, mata na ƙirgawa da ƙarfi. Goma sha shida suka tashi.

Na goma sha bakwai ya ƙi. Shi ne babban lemon, mai 'ya'ya ashirin da uku, haihuwarsa ta fari. Muka jijjiga, ko motsi. Benjamin ya durƙusa ya tona gefe da hannu. Gindin duron ya yi tsatsa ya huje, saiwa mai kaurin babban yatsa ta nutse cikin ƙasa.

Alhaji ya dubi mai unguwa.

Mama Alice ta daɗe tana kallon saiwar. Sai ta shiga ɗaki ta fito da adda.

"Gaskiyarka, Alhaji. Wannan ya ci amanata. Ban sani ba, amma ya shiga." Ta ɗaga addar.

"Ke! Tsaya mana!" Alhaji ya miƙe har hularsa ta karkace. "Wa ya taɓa sare lemo da 'ya'ya a kai? Ba ki da tausayi ne?"

"To yaya zan yi? Ko shi ko mu."

Malam Idrisu ya gyara murya. "Abin da ya kama ƙasa na mai ƙasa ne. Ki faɗa da bakinki, jama'a su ji."

Ta ajiye addar, ta juya wajen mutane. "Ku shaida, manya da yara. Lemon nan na Alhaji Abarshi ne, da na 'ya'yansa bayansa. Ni mai ban ruwa ce kawai."

Sau uku mai unguwa ya sa ta maimaita, ya kuma sa na rubuta, mutum biyar suka sa hannu. Alhaji ya gindaya sharaɗi: sauran duro goma sha shida a ɗora su a kan duwatsu, yadda zai iya zura sandarsa ta ƙarƙashi duk ranar da ya ga dama.

"Maganar tashi fa, Alhaji?" in ji Benjamin a hankali.

Alhaji ya shafa ganyen lemon, ya shinshina yatsunsa. "In kun tashi wa zai ba shi ruwa? Ni?"

Kafin azahar mun kwaso dutse arba'in da takwas daga bakin rafi, uku uku ga kowane duro.