Baƙo Mai Farar Gira

Ni ne sakaran wannan labari, gara in faɗa da bakina kafin jikokina su riga ni.

A gidanmu na Limancin Kona, in an sauke tuwo, kakata Iya takan tara mu bakin murhu ta yi mana tatsuniya har garwashi ya mutu. Angonta take kirana, ni kuwa kullum sai na ce ta tsufa, na sake ta. Tatsuniyoyinta ba iyaka, amma da damina ta ɗauke sai ta koma guda ɗaya: ta gwarar da ɗanta ya ce za shi gabas. Uwar ta shafa masa toka a gira don ta gane shi cikin dubu. Wai tun daga nan kowace kaka yakan dawo, ya sauka a gonakin Kufena, yana kaɗa wutsiya yana neman gida.

Idonta ya yi rauni, don haka ni take aika. "Ango, je ka dubo mini. Ba gwaran rumbu ba, wannan ɗan gari ne, ɓarawo irinka. Baƙon siriri ne, ƙasa yake bi, ga farar gira." In na dawo na ce ya iso, sai ta ƙara mini tuwo.

Babana ɗanta ne na fari. Ina goye ya kama hanyar Makka a ƙasa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ɗan fari kuwa uwa ba ta kiran sunansa, balle ta yi kukansa gaban mutane. Sai da na yi furfura na gane cewa tatsuniyar nan ce kaɗai hanyar cigiya da kunya ta bar mata.

Abin ya faru ne ina aji biyu na elemantare, inda ilimina yake tsaye har yau. Wata rana malam ya buɗe mana taswira, ya yi bayanin tsuntsayen da ke ƙetaro hamada. Na dawo gida kaina na hayaƙi. Iya na fara tatsuniyar na katse ta.

"Iya, ba gwara ba ne, kuma ba daga gabas yake ba, daga ƙasar Turawa yake. Malam ya ce na bana ma ba lallai shi ne na bara ba, yawancinsu a hanya suke mutuwa."

Daga ranar ba ta sake yin tatsuniyar ba har ta koma ga Allah. A daren dai ta daɗe tana tona toka da tsinke, sannan ta ce:

"Sannu da karatu, Ango. Wanda ya dawo na aike ka ka dubo mini. Wa ya aike ka neman waɗanda suka mutu a hanya?"