Giginyun Baba Da'u

Duk mai bin hanyar Balan zuwa Kademi da sassafe ya san shi. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, ƙafafunsa sun yi kaushi saboda cuɗa ƙasa. Da ya fito daga masallaci sai ya saɓa fartanya ya zagaya bayan gari, ya duba giginyu, ya kori awakin da ke cin ƙananan, sannan ya wuce wurin gini. Shi ne Malam Da'u magini, wanda ciwon gwiwa ya sauko da shi daga kan katanga bana. Ya ajiye aiki shiru, ko hula ba wanda ya ba shi.

Daga Gaya har Ajingi akwai ɗakuna da zauruka na hannunsa. Tubali yake ɗorawa, ya rufe da azara, ya shafe bango da makuba. In zafin bazara ya tsananta, masu gidan bulo da kwano, waɗanda suka gama yi masa dariya, zaurensa suke lallaɓowa su yi ƙailula, kuma ba su jin kunya.

Azara daga jikin giginya ake tsaga ta, giginya kuwa ba ta sauri. Shi ya sa tun yana saurayi, duk wadda ya sara sai ya binne 'ya'yan wasu a filin bayan gari. Da suka zama kurmi, ya miƙe a masallaci ya ce ya yi sadaka da su: duk wanda rufinsa ya faɗi ya zo a tsaga masa. Gaji, tsohuwar da mijinta ya rasu, ta ce da ɗakinta ya rufta cikin damina, "ko ruwan randata bai sha ba, ya rufe mini ya tafi."

Kai ne ka yi wannan, Baba Da'u. Ka shuka abin da ka san wani zai mora, ka cire hannunka daga kai.

Sai ga wani kamfani da kwangilar gina cibiyar koyon sana'a. Aka ce gini ne na kare muhalli, har takardar shaida za a ba shi daga birni, bisa maki: na wutar sola, na tankin tara ruwan sama, na dashen itatuwa. Masu awo suka tambaya, giginyun nan na wane ne? Mutanen gari suka ce ai ba na kowa ba ne. Aka kira Baba Da'u. Mutumin da ya yi sadaka ba ya dawowa ya ce nawa ne, don yana tsoron zubar da ladansa. Ya ce, "Ba nawa ba ne, na riga na bayar." Suka gode masa, suka ɗauka fili ne da ba shi da mai shi.

Ƙarar injin yankan itace ce ta fito da shi wata safiya. Ya tarar da Abdulhakeem, ɗan garin da kamfanin ya ɗauka mai kula da aiki, wanda a ɗakin da Baba Da'u ya gina aka haife shi.

"Abdulhakeem, ga faƙo can gabas, ko ciyawa ba ta fitowa. Ku matsa mana."

"Baba, wallahi ba daga ni ba ne. An riga an tura zanen wajen masu ba da shaidar. In muka matsa, sai an sake komai daga farko."

"To ku bar su da tsawonsu, a tsaga wa mutane."

"Motar ba za ta ɗauke su a haka ba, Baba. Ka yi haƙuri."

Gunduwa-gunduwa suka yanka su, yadda ko azara ɗaya ba za ta fita ba. Rabin kurmin ya tafi. Bayan an gama gini suka dasa wasu 'yan tsirrai na ado a bakin ƙofa, aka ɗauki hoto, aka ba su makin dashen itace. Takardar na nan a rataye a bango cikin gilashi. Wannan abu da ciwo yake, kuma rainin hankali ne. Wace irin shaida ce take ganin tsiron da aka dasa jiya, ba ta ganin giginyar da ta girmi injiniyan kamfanin? Mu ma kada mu wanke kanmu. Mun tsaya muna kallo, wasunmu har da murnar an kawo mana ci gaba.

Bana kuma aka shafa wa sauran giginyun jan fenti, alamar za a sare su, wai za a ja katanga a yi wurin ajiye motoci. Baba Da'u ya dogara sanda ya tafi wurin dagaci.

Dagaci ya ce, "Malam Da'u, ka san al'adarmu. Itace na wanda ya shuka shi ne, ko a gonar wani yake. In ka ce naka ne, ina da abin riƙewa. In ka sake cewa ka bayar, hannuna a ɗaure yake."

"Ranka ya daɗe, in yi kyauta don Allah, kuma in dawo in karɓe? Da wane ido zan dubi mutane?"

Ya koma gida ransa a ɓace, ko abincin kirki bai iya ci ba. Liman ya je ya same shi ya ce Allah Ya san niyyarsa. Duk da haka abin bai yi masa sauƙi ba. Ranar da wakilan kamfanin suka zo ƙofar dagaci, ya miƙe a gaban jama'a.

"Ni na shuka su. Nawa ne. Ban yarda a taɓa ko ɗaya ba."

Ya zauna ya rufe fuska da hannun riga. Kunya ce ta kama shi, shi da ba shi da abin jin kunya a duk taron. Kamfanin ya janye katangarsa zuwa gabas, kan faƙon nan. Ashe matsawa tana yiwuwa.

Mun gode, Baba Da'u, magini uban rufi. Kai ne ka haɗiye abin da ya fi maka ɗaci don marasa ƙarfi su samu azara. Allah Ya cika maka ladanka bai rage komai ba, Ya ba ka sauƙin gwiwa.

Saura mu. Wanda ya sari itace ya shuka wani. Kuma ranar da baƙo ya sake tsayawa da abin awo ya tambayi na wane ne, kada mu bar tsoho shi kaɗai ya amsa. Mu ce namu ne.