Ƙahon da aka yi wa Haula

Haula, mutuniyar Korahane, ta yi shekara talatin da ɗaya tana saida cuku a kasuwar Dakoro. Na san ta tun ina malamin lakwal, wato makarantar boko, zamanin da ake tsoma alƙalami cikin tawada. Ban taɓa jin ta ce wash ba.

A 2023 aka kai ta Yamai, wata huɗu bayan an kai wanta Abarci, dillalin raƙuma. Ciwonsu guda, jijiyar zuciya ta toshe. Aka sa wa kowannensu ɗan bututun ƙarfe ya buɗe hanyar jini, aka ba su ƙwayoyin hana jini daskarewa, a sha kullum ba fashi.

Abarci ya dawo garau.

"Ke Haula, ƙarfenki na gwangwani ne? Ni har raƙumi nike kayarwa."

"Yaya, raƙumin dama gurgu ne."

Ita dai ba ta murmure ba. Kasala, tashin zuciya, ciwo tsakanin kafaɗu. Da yake ƙirji bai riƙe ta ba kamar yadda ya riƙe Abarci, kowa ya ce wannan ba zuciya ba ce, mataccen jini ne ya taru a baya. Aka kira wanzami ya kafa mata ƙaho shida, yadda aka saba yi wa uwarta.

Jini ya ƙi tsayawa, har zane uku suka jiƙe. Gida ya firgita, aka ce ƙwayoyin ne, aka ɓoye su cikin ƙwarya. Kwana tara tsakani ta faɗi tana shanya cuku.

Ni na raka ta da su Abarci gidan likita a Maradi, saboda faransancin da 'yan mishan suka koya mini. Lokotoron da ta duba ta mace ce, baƙuwa, ba ta jin Hausa.

"Wa ya tsaida maganin?" ta tambaya da faransanci.

Ta ce bututun ya toshe saboda an daina shan ƙwayoyin. Ta ce jijiyoyin mata sun fi ƙanƙanta, maganin ya fi sa su zubar da jini, kuma ciwon zuciyarsu sau da yawa ba ta ƙirji yake zuwa ba. Shekarata saba'in da shida, ban taɓa jin haka ba.

Abarci ya ja hannun rigata. "Malam, mi ta ce?"

Na fassara mashi, ban rage komi ba. Ya zame ya zauna ƙasa.

"Ni na kira wanzamin," ya ce.

Haula ta cika kafin la'asar.