Tokar da ta nuna mana inda taya ke goga

Shekarun baya, a farin nan na zamanin soja, ina da wata tsohuwar bashe, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya, a Tasawa. Mahaifiyata ta yi rani a wurina, amma da ta ga hadari ya fara leƙowa daga gabas sai ta ɗaure kayanta. Ta ce a maida ta Atantane da iri da ɗan hatsin ci, kada ruwan shuka ya sauka tana birni tana kallon bango.

Yashin hanyar Mayahi kuwa ba ya wasa da siraran tayoyi. Abokina ya aro mini manya na wata kat-kat, motar shiga yashi, da ta mutu, muka ɗaura su a ƙofar gida. Na zaga unguwa da motar fayau, lafiya lau. Ni da na je har Agadas da Kwatano, ina ji da kaina.

Da muka ɗora buhuna, ko kwana ba mu sha ba sai ƙuuu daga baya, ga warin roba. Muka sauke kaya, muka leƙa, ba abin da ke taɓa wani. Muka sa guduma muka buɗa bakin gardabu, wato rufin nan na saman taya. Muka sake lodi, ƙarar na nan. In tayar aro ta yage cikin daji, irin Inna a nan zai kwana har shuka ta wuce.

Tana zaune bisa tabarma tana kallonmu. Ta ce, "Kai wannan, motar taka ta fi jaki wayo ne?"

Abokina ya ce, "Inna, ai jaki ya fi mai ita ma."

Ta ce, "Jaki ba ya faɗin inda akumari ke cin shi. Toka ake shafawa, a ɗora kaya, a taka kaɗan, a sauke. Inda ta goge, nan ne ciwon."

Abin ya ba ni sha'awa. Muka dama toka muka shafe cikin gardabun duka. Bayanmu ya gaji da ɗaukar buhu, sai na kira maƙwabta goma su hau a madadin buhu goma. Muka zaga, shiru. Abokina ya dube su ya ce, "Ku fa fari ya cinye ku, ku ƙaro mutane." Aka yi dariya, amma gajeruwa. Sai da suka kai sha huɗu ƙarar ta dawo.

Na kwanta ƙasa na leƙa. Toka na nan ko'ina, sai wuri ɗaya can ciki, kan wani bulon, wato ƙusa mai noti, da ya ɗan fito, yana ƙyalli kamar an wanke shi. Ashe bakin da muka wuni muna duka bai san hawa ba, bai san sauka ba. Muka yanke bulon da zarto, muka ƙara lam, wato fallen ƙarfen sifirin, ɗaya kowane gefe don bayan ya ɗaga.

Washegari muka isa Atantane da la'asar. Bayan kwana biyu ruwa ya sauka, Inna ta yi shukarta.

Har yau in abu ya dame ni, kafin in ɗauki guduma sai na nemi inda tokar ta goge. Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne mutanen nan. Goma na ƙirga, kamar yadda na san su a da, motar ce ta faɗa mini gaskiyar nauyinsu.