Zanen da Kaka Ta Saƙa

Jiya na ji ƙarar ƙoshiyar masaƙa a wani lungu na Birni, ƙwas-ƙwas, sai na tsaya cak kamar an kira ni.

Ka san a wurinmu mace kaɗi take yi, namiji ya hau masaƙa. Haka muka taso. Kakanmu yana saƙa a zaure, kakarmu tana murza mazari a tsakar gida, yatsunta fari fat da alli, tana yi masa tsiya wai ba don zarenta ba da iska zai saƙa.

Shekarar da fari ya yi tsanani, kakanmu ya bi ayarin maza zuwa kudu neman hatsi. Rumbu ya ƙare, ga jikoki cike da gida. Kaka ta sa aka janye masaƙar zuwa bayan ɗaki, ta ɗaure zane tamau, ta zauna inda mace ba ta zama. Da maganar ta fita, da ba mai sayen saƙarmu, ga surutun unguwa. Don haka duk abin da ta saƙa, sai a ce na mijinta ne da ya bari.

Sai dai hannun kaɗi ba ya ɓuya. Masaƙi in zare ya tsinke, ƙulli yake yi. Ita kuwa sai ta lashi yatsa ta murza bakin biyu su haɗe, yadda ta saba.

Na raka ta Zango wurin wani dattijo mai sayen zane. Ya shafa, ya sake shafawa, ya rasa ƙulli ko ɗaya. Na dubi Kaka.

"Iya, hannun Malam ya yi laushi bana," in ji shi.

"Tsufa ne, Alhaji."

Ya auna mana gero, bai tona mana asiri ba. Allah ya ji ƙansa, har gobe ina son mutumin nan.

Zane ɗaya ya rage mana. Bara 'yata, wadda ta karanta zane-zane a Yamai, ta ɗauki hotonsa, ta faɗaɗa zaren a odinatar, wato kwamfuta, ta haska shi a bangon zauren baje koli, kowace murza ta fito ɓaro-ɓaro. Yanzu 'yan mata na saƙa a fili, ba mai ɗaga ido. Ta ce, "Inna, in ce saƙar kakanki ce?"

Na ce a'a. Kaka ta ciyar da mu da sunansa, ya isa haka. Ki faɗi nata.