Jitar Da Na Taya A Shagari

Ni mutum ne mai alfahari da iya ciniki. Duk wanda ya taɓa sayen albasa a hannuna a Bodinga ya san haka, kuma ban taɓa jin kunyar wannan hali ba sai a kan wata tsohuwar jita.

Ɗiyata ta biyu ba ta ji. Sanƙarau ya kama ta tana shekara huɗu, Allah ya bar mana ita amma jin ya tafi, 'yar maganar da ta fara iyawa ma ta bi shi a hankali. Da hannu muke zance da ita a gida. A lokacin da nake ba da labari tana da shekara tara, shiru-shiru, ko yara na wasa sai ta koma gefe tana kallon bakinsu.

Wata ranar kasuwa na goya ta a babur zuwa Shagari gaida kakarta, na biya da rediyona wurin wani tsoho mai gyara. A bangon shagonsa an rataye jita ja, fentin ya koɗe, inda hannu ke gogawa har itace ya fito. Wuyanta dogo, tsirkiyarta huɗu masu kauri kamar wayar birki. Ya ce bes ake ce mata, ta girme ni, da ita ya yi kiɗa a Sakkwato yana saurayi kafin manya su tsawata masa.

Ganin yarinyar ta kafa mata ido, sai ya tayar da janareta, ya jona jitar da wata ƙatuwar lasifika, ya ja tsirkiyar da ta fi kauri. Kusoshin da ke cikin gwangwani a kan tebur suka hau rawa. Yarinya ta zabura. Ta matsa, ta ɗora tafin hannu a jikin lasifikar, sannan ta manna ƙirjinta. Ya sake ja. Sai ta tuntsire da dariya, da murya, har da shaƙewa. Rabona da jin wannan dariyar shekara biyar. Na juya baya ina ta murza rediyo kamar mai duba gyara, don kada tsohon ya ga idona.

Da na natsu na ce, "Baba, kana saida wagga aba?"

Ya ce, "Ina saidawa, ɗana. Idona na son aikin asibiti, yanar ido ta rufe shi. Ita da lasifikar, kuɗɗin buhu uku na albasa."

Kuɗin suna aljihuna, wallahi, domin a satin na sayar da kaya. Amma bakina ya riga ni. Na ce wuyan ya ɗan karkace, na ce maɓalli ɗaya ya ɓace, na taya rabi.

Ya ce, "Albarka."

Na ja hannun yarinyar muka fita. Ƙa'idata ke nan, mai saye ya ba da baya, mai kaya ya kira shi. Har na tayar da babur bai kira ba.

A gida uwarta ta ce, "Malam, ka koma ka sayo mata." Na yi ta kawo dalilai. Taki na jira. Wuta ba kullum ba. Ban iya kaɗawa ba. Kuma me za a ce a unguwa, magidanci da gemu ya shigo gida saɓe da jita? Ta ce mutanen unguwar ba su ne ke kwana da yarinyar ba. Na yi mata faɗa don na san ta fi ni gaskiya. A raina na riga na saya, so nake kawai tsohon ya sauko, in ce na yi nasara. Na ce bari in bar shi ya nuna, kasuwa biyu ta ishe shi.

Kullum da safe yarinyar takan tare ni a zaure, ta buga ƙirjinta da tafin hannu, ta nuna babur. Ni kuma in yi mata alamar gobe.

Ranar da na shirya komawa, ita ta riga ni, ta saka atamfar sallarta. Muna shiga shagon na ga ƙusa a bango babu komai, inda lasifikar take an ajiye buta.

Tsohon ya ce wasu samari masu kiɗan biki sun zo daga Sakkwato shekaranjiya, sun biya ba su taya ba. Sannan ya ce, "Na jira ka kasuwa guda, ɗana. Da ka komo, ko abin da kat taya da na sallama maka, don ɗiyar ga. Da nig ga shiru, na aza ba ka so."

Baƙin cikin da na ji ranar ya fi na shekarar da ruwa ya cinye mini gona.

Yarinyar ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta leƙa bayan ƙofa. Sai ta dawo ta ja rigata, ta juya tafin hannunta sama, wato ina take? Na yi mata alamar an tafi da ita. Ta sake tambaya, wa ya yi haka?

Ƙirjina ya kamata in nuna. Sai na nuna mata hanyar Sakkwato. Ta fita bakin titi ta tsaya tana hararar motocin da ke wucewa, sannan ta dawo ta riƙe hannuna gam, kamar ni ma an zalunce ni. Yanzu ta yi aure har da goyo, kuma har yau ban gaya mata gaskiya ba.