Uwar garke a ofishin Darakta

Shekara biyu bayan an ƙaddamar da shari'a aka kawo mana kwamfutoci a ma'aikatarmu da ke sakatariyar Dutse. Ni ce mai buga takardu, sai aka ɗauke tafiretata aka ajiye mini ɗaya. Wani injiniya daga Kano ya haɗa su da waya, duk suka tafi ga wata babba da ya ce a kira ta uwar garke. Ita aka kai ofishin Darakta, don a wajenmu abu mai tsada ɗakin babba yake kwana.

Tawa ta zo da ciwo. Wata safiyar in na kunna ta, agogonta sai ya koma ɗaya ga Janairu, shekara huɗu baya, kuma wannan kwanan watan take ɗora wa duk takardar da na buɗe. Injiniya ya ce wani ɗan batir ne a cikinta ya mutu, amma ba komai, da an kunna ta za ta tambayi uwar garke lokaci ta gyara kanta. Ya kuma kulle agogon da lambar sirri don kada kowa ya taɓa. Sau uku ana kiransa. Kullum sai wajen azahar yake isowa, ya kashe ta ya kunna, ga kwanan wata daidai. Sai ya dube ni ya ce, “Malama, injin nan lafiyarsa ƙalau.” Ina jin kamar in kwaɗa masa firinta a ka.

Na koma goge kwanan watan da hannu a kowace takarda. Ran da tsautsayi ya zo, takardun ƙarin girma ne na mutum tara, ana azalzalata in gama kafin a ɗauke wuta. Na manta. Darakta ya sa hannu bai duba ba, takardu suka fita da kwanan watan da ya ɗora ƙanana a kan manyansu da shekara huɗu.

Lokacin kowa maganar amana yake yi, a masallaci da rediyo da cikin bas. Kafin mako ya zagayo an ce sayena aka yi. Aka ba ni takardar tuhuma, aka kafa kwamiti. Mijina ya rasu, 'ya'yana uku, da mahaifiyata a Kiyawa da ke jiran abin da zan aika. Na daina cin abinci. In na idar da salla ba na ma sanin abin da zan roƙa, sai in zauna a kan darduma ina kuka. Abin da ya fi ƙona mini rai, rahoton injiniya yana gaban kwamitin, ya rubuta cewa ya gwada sau uku bai ga matsala ba.

Saura kwana huɗu kwamiti ya zauna, na kunna ta da safe, ta sake komawa Janairu. Na buga tebur na zazzage ta tas. Tsohon masinjanmu, wanda duk muke ce wa Baba, yana share baranda, ya leƙo.

“Hajiya, yau ma? Ni dai ran Laraba kaɗai kunnena ke hutawa.”

“Wace Laraba kuma, Baba?”

“Ran Laraba ba na jin faɗanki. Na ɗauka ko azumi kike yi.”

Sai na fara lissafi. Darakta a Kano iyalinsa suke, kamar rabin manyan sakatariyar, kullum sai sha ɗaya motarsa ke shigowa. Ran Laraba ne kawai yake kwana a Dutse ya zo kafin takwas, saboda taron Kwamishina. Baba kuwa in an tashi yana kashe duk wani makunni don tsoron gobara, kuma ba mai shiga ofishin Darakta sai shi ya zo da makullinsa. Ashe ƙarfe takwas tawa ke tambayar lokaci, uwar garke tana kashe a ɗaki a kulle. Ba ta samun amsa, kuma ba ta sake tambaya sai an sake kunna ta. Injiniya bai taɓa zuwa ya tarar da ƙofar nan a rufe ba.

Na yi murna ta minti ɗaya, sannan na hango matsalar. Wanke kaina yana nufin in faɗa wa kwamiti lokacin da shugabana ke zuwa aiki, a shekarar da ake ta korar makararru. Mutumin nan kuwa shi ya ɗauke ni aiki.

Da ya iso na shiga na durƙusa na yi masa bayani.

“Yallaɓai, don Allah ka ba Baba makulli, ko ka gaya musu da kanka. Kalma ɗaya ce.”

Bai ɗago daga jaridarsa ba. “Ki yi haƙuri ki amsa kuskure ne. Zan san yadda zan yi da ke daga baya.”

“Ranka ya daɗe, ba kuskure suke tuhumata da shi ba. Cin amana ne.”

“Na ce zan duba.”

Na san irin wannan dubawar. Ran zama, ba na ganin gabana sosai. Shugaban kwamiti ya ce ko ina da abin faɗa. Na ce ba ni da magana, roƙo ɗaya gare ni, su zo ofishina gobe Talata ƙarfe takwas su kunna kwamfutar da hannunsu. Darakta yana gefe, na ji idonsa a jikina ban juya ba.

Washegari Darakta ya so ya riga su, na ji daga baya, amma taya ta fashe masa a hanya. Suka kunna, ga Janairu ɓaro-ɓaro. Shugaban ya ce ina uwar garken, Baba ya nuna ƙofa. Suka ja kujeru suka zauna a baranda har tara da rabi. Da Darakta ya iso ya buɗe aka tayar da uwar garke, aka sake kunna tawa, ta gyara kanta a gabansu.

An wanke ni. Darakta aka ja wa kunne, aka mayar da uwar garke ɗakin ajiya aka ba Baba makulli. Na yi sujadar godiya a nan ƙasan ofis, ban damu da masu kallo ba.

Bayan mako uku Darakta ya aiko Baba da wata takarda da ya rubuta da biro, ya ce in buga kafin azahar. Baba ya ajiye ta ya fita da sauri. Canjin wurin aiki ne zuwa Buji, inda ba ni da kowa, ga yara a tsakiyar zangon karatu. Sunana ne a kai. Na buga ta, na kai masa da kaina, na tsaya har ya sa hannu.